Idan Wayarka Ta Ɓata a Jidda: Abin da Za Ka Fara Yi da Abin da Zai Iya Jira

Daren Alhamis ne, bayan sallar isha'i, na fito daga Balad, tsohon garin Jidda, da ƙunshin abaya huɗu da kwali biyu na turare. Wanda ya san kasuwar Bab Sharif a irin wannan lokaci ya san yadda ake turereniya: masu tura kaya, masu kiran ciniki, ga mata 'yan Kano-Jidda kowacce da buhunta. Na tare tasi a bakin titi, muka daidaita kuɗi, na zauna a gaba na ɗora waya a kan cinya ina lissafi da baki. Da muka isa wurin masu kago na yi wuf na sauka, don kada yara su haɗa kayana da na wani. Na sallami direba, ya ja motarsa. Sai da mai awo ya ce, "Alhaji, kawo lambar wanda zai karɓa a Kano," na sa hannu a aljihun jallabiya, na ji wayam.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ba na so ka yi. Na bar kaya a kan sikeli na koma bakin titi ina leƙa fuskar kowane direba, kamar wanda ya ɓatar da akuya a Wudil ranar kasuwa. Fiye da awa guda na kashe. Da na dawo jiki a sanyaye, dattijon da ke da wurin, Bahaushe ne haifaffen Makka, ya turo mini kujera ya ce, "Alhaji, layinka na gida yana cikin wayar?"

Na ce, "Yana ciki, Baba."

Ya ce, "Banki nawa ke kansa?"

Na ce, "Uku."

Ya miƙo mini tasa wayar ya ce, "To bar zancen tasi. Kira gida."

A nan ido ya raina fata, domin lamba ɗaya tak na haddace a duniya, ta uwargida, ita ma don tun zamanin Nokia ba ta canza ba. Da ita aka samo ƙanena. Wayar dai har yau ban sake ganinta ba, amma kuɗina ko sisi bai yi ciwon kai ba, kuma ba dabarata ba ce, ta Baba ce. Jerin da ke ƙasa shi ne yadda ya kamata a bi abin. Hajiya, duk inda na ce "ka", ke ma da ke nake.

Na farko: minti biyar na neman kusa

Ari waya ka kira lambarka ta Saudiyya sau biyu ko uku. Sau da yawa wayar tana ƙarƙashin kujera ne ko cikin ledar kaya, ko mai shagon da ka baro ya adana maka. Idan aka ɗauka, kalmomi kaɗan sun isa: waya ita ce jawwal, "jawwali" wayata ke nan, ka miƙa wa mai jin Larabci ya ƙarasa. Idan tana ringi ba a ɗauka ba, akwai sauran fata. Idan kuwa ka ji a kashe alhali ka san akwai caji, to ka ɗauka tana hannun wanda bai yi niyyar mayarwa ba. Ko wanne ne, kada ka wuce minti biyar a nan.

Na biyu: toshe kuɗi

Mutanenmu sukan ce ai wayata da makulli, ba mai iya buɗewa. Haka ne, amma ɓarawo bai damu da makullin allo ba. Da ɗan tsinke zai zare layin ya sa a wata waya, kuma daga wannan lokaci shi ne kai a idon banki. Layin Najeriya da ke romin yana karɓar saƙonni a Jidda kamar yadda yake karɓa a Fagge, lambobin OTP suna shigowa, alat yana nuna wane banki kake da shi da nawa ya rage. Wanda ya san hanya yana iya danna *565*0# ya ga lambar BVN da ke kan layin. Asusun irin su OPay da PalmPay kuwa lambar wayar ita ce lambar asusun. Kada ka ce ai Balarabe ko ɗan Pakistan bai san waɗannan ba. Waya tana sauya hannu, kuma Jidda cike take da mutanen da suka san tsarin bankunanmu kamar tafin hannunsu.

Hanya mafi sauri ita ce ta hannun wanda ke gida. Bankunan Najeriya suna da lambar toshe asusu da ake dannawa daga kowace waya, ba sai taka ba. Na Zenith *966*911#, na Access *901*911#, na UBA *919*911#. Ƙaninka ko matarka za su danna a tasu wayar, a tambaye su lambar asusu ko lambar wayar da ke kansa, su bi umarnin. Ka tambayi bankinka nasa tun kana gida ka rubuta, domin daren da abin ya faru ba lokacin bincike ba ne. Layin Saudiyya da ka ara ba zai yi maka wannan aiki ba, shi ya sa dole a bi ta gida.

Bayan an danna, kai ma ka kira sashen kula da abokan hulɗa na bankin da kanka, ka ce a dakatar da manhajar waya da tiransifa ta USSD, wato ta danna lambobi masu taurari. Lambarsu tana bayan katin ATM. Ka tuna Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu: ƙarfe tara na dare a Jidda bakwai ce a Kano. Hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne tun 2013, namu kuwa Asabar da Lahadi. Ni wannan saɓani ya yi mini rana, don ranar Juma'a da safe, Jidda na barci, ƙanena yana cikin banki a Kano yana tabbatar da cewa komai ya toshu.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: in ka toshe asusu gaba ɗaya, katin da ke aljihunka ma yana iya tsayawa. Saboda haka kafin ka ce a rufe duka, duba riyal nawa ke hannunka, da kwana nawa ya rage maka, da ko an biya otal. Idan za ka iya yi wa bankin bayani su rufe manhaja da USSD su bar kati, ya fi. Idan ba za ta yiwu ba, rufe. Gara ka ci bashin abinci na kwana uku da a kwashe jarin shekara.

Na uku: layin gida a rufe, na Saudiyya a ɗan bar shi

Yawancinmu layi biyu muke sawa: na gida don alat da WhatsApp, da na STC ko Mobily ko Zain da muka saya a filin jirgi don data. Ba hukunci ɗaya za a yi musu ba.

Na gida a dakatar da shi nan take. Wanda ke Najeriya ya kira 300 daga layin kamfani ɗaya da naka, ita ce lambar kula da masu hulɗa ta bai ɗaya a yanzu, ko ya je ofishinsu. Za a yi tambayoyi don a tabbatar: cikakken sunan da ke kan layin, ranar haihuwa, lambobin da aka fi kira, katin ƙarshe da aka sa. Ka zauna kusa da wayar aro don a riƙa tambayarka. Maido da layin kuwa, wato walkam bak, ka sa a ranka sai ka koma, tunda tun da aka haɗa layuka da NIN a ƙarshen 2020 ana son mai layi ya zo da kansa a ɗauki fuskarsa.

Na Saudiyya ka bar shi tukuna, na wasu awoyi. Shi ne ke ba wayar intanet, kuma muddin tana kan intanet za ka iya ganin inda take ka kuma kulle ta daga nesa. In ka rufe shi da wuri ka tsinke igiyar da za ka jawo guga da ita. Sai dai kada ka manta da shi har abada, domin da fasfonka da yatsanka aka yi masa rajista, duk abin da aka aikata da shi sunanka zai fito. Za mu dawo kansa.

Na huɗu: kulle wayar daga nesa

Nemi kwamfutar otal ko wayar abokin tafiya. Idan iPhone ce, shiga icloud.com/find da imel da kalmar sirrinka ta Apple. Wannan shafin ba ya neman lambar tabbatarwar da ake turowa waya, don sun san wayar ce ta ɓata. Zaɓi wayar, ka sa ta a yanayin ɓata. Za ta kulle, katunan da ke cikin Apple Pay su tsaya, kuma za ka iya rubuta saƙo da lambar da za a kira a kan allo. Ka sa a rubuta maka saƙon da Larabci, ka sa lambar wanda kuke tare, ka ambaci tukuici.

Idan Android ce, shiga android.com/find da asusunka na Google. Daga nan za ka ga inda take a taswira, ka sa ta yi ƙara na minti biyar ko da an rufe mata murya, ka kulle ta, ko ka goge komai. Matsalar a nan ita ce in ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, Google zai ce ya tura lamba zuwa wayar da ba ta hannunka. Abin da ya same ni ke nan a kwamfutar otal ƙarfe goma sha biyun dare, ina kallon allo allo na kallona. Maganinsa lambobin ajiya ne guda goma, kowacce mai alƙaluma takwas, da Google ke bayarwa a sashen tsaro na asusu don a buga a takarda. Ban taɓa jin labarinsu ba sai a daren. Da ƙyar muka shiga ta wata tsohuwar waya da na bar wa yara a gida, wadda asusun yake kanta har lokacin. Masu Samsung suna da ƙarin ƙofa ta SmartThings Find, in dai sun buɗe asusun Samsung tun farko.

Gogewa ita ce matakin ƙarshe, kuma a yi tunani kafin a danna. A Android, da zarar ka goge, ka daina ganin inda take. Idan akwai hotunan fasfo, na iyali, ko bayanan asusu a ciki, kuma an kwana ba labari, goge. A iPhone ko ka goge, kada ka cire wayar daga asusunka, domin kasancewarta a kai ne ke hana wani ya buɗe ta ya sayar.

Kuma ka sa ran saƙon yaudara. Bayan kwana ɗaya ko biyu, lambar da ka rubuta a allo tana iya samun saƙo mai kama da na kamfani: an ga wayarka, danna nan ka shiga. Tarko ne, kalmar sirrinka ake nema don a cire makullin. Ka ja kunnen mai lambar kada ya taɓa. Da ka gama da kwamfutar otal kuma ka fita daga asusunka, ka canza kalmar sirrin imel, don imel shi ne uwar sauran.

Idan taswira ta nuna maka wayar a wani gida a unguwar Karantina ko Sabil ko ma ina ne, kada ka ɗebi abokai ku je ƙwanƙwasa ƙofa. Baƙo ko da ido makaho ne, taswirar ma takan kauce da gida biyu ko uku, kuma a ƙasar mutane hayaniya a ƙofar gidan wani tana iya mayar da mai ƙara wanda ake ƙara. Garin neman gira kada a rasa ido. Ɗauki hoton taswirar ka kai wa shurɗa, wato 'yan sanda.

Na biyar: sanar da mutanenka

Duk wanda ya riƙe layinka yana iya buɗe WhatsApp da sunanka, hotonka na nan, ya rubuta wa kwastomominka: ina Jidda, kaya sun fi kuɗina, a turo mini ta wannan asusu. Ga ɗan kasuwar da kowa ya san yana tafiya, wannan ƙarya ce mai kama da gaskiya. Don haka a daren nan matarka da yaron shago su sa sanarwa, a tura a zaurukan kasuwa da na dangi: wayar Alhaji ta ɓata, kada a tura wa kowa kuɗi da sunansa sai an ji muryarsa. Kada kunya ta hana ka. Ni na ɗan yi jim kafin na yarda, ina gudun a ce na cika sakaci, Baba ya ce, "Alhaji, surutun kwana biyu ya fi biyan bashin da ba ka ci ba."

Idan WhatsApp ɗinka yana haɗe da kwamfutar shago, zai ci gaba da aiki a can har kwana 14 ba tare da wayar ba. Yaron shago zai iya kwafo maka jerin sautu da hotunan kayan da aka ce ka sayo.

Na shida: yanzu a bi sawu

Sai yanzu zancen tasi ya zo. Wanda ya hau Uber ko Careem ya huta, don akwai sunan direba da lambar mota a tarihin tafiya, kuma akwai wurin kai rahoton abin da aka manta. Ni da na tare ta bakin titi, ko launin rigar direban ban riƙe ba. Tun daga nan, kafin na shiga tasi sai na rubuta lambarta. Ba wuya, lambobin motocin Saudiyya suna da haruffan boko da alƙaluman da muka sani a ƙarƙashin na Larabci.

Kalmar da za ka riƙe ita ce mafƙudat, wato kayan da suka ɓata, wasu wuraren kuma su ce amanat. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da irin wannan ofis, haka tashoshin jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina ta Jidda. In a jirgin ne, tikitinka yana da lambar tarago da kujera, ka je da shi. Masallacin Harami da na Annabi (SAW) ma suna da wurin ajiyar abin da aka tsinta, tambayi duk askar, wato jami'in tsaro, da ka gani a ƙofa. Mutane da yawa sukan sami kayansu a can, ka je ka duba sau biyu, don abin da aka tsinta yau ba lallai ya isa ofis yau ba. A nan bari in ɗan ratse: in kai ne ka ga wayar wani a yashe a Harami, kada ka ɗauka ka sa aljihu da niyyar nemo mai ita. Nuna wa ma'aikaci. Hadisi ya riga ya ce tsintuwar Makka ba ta halatta sai ga mai cigiya, ga kuma kyamarori ko'ina da ba su san niyyar zuciya ba.

Idan sata ce ko fizge, ko ka ga inda take a taswira, je ofishin shurɗa na unguwar da abin ya faru ka ce kana son shigar da balag, wato rahoto. A yankin Makka, wanda Jidda ke ciki, lambar gaggawa 911 ce, amma wannan ta abin da ke faruwa ne a take, ba ta wayar da aka manta jiya ba. Tafi da fasfo, da takardar biza, da lambar IMEI ta wayar. Alƙaluma 15 ne, suna jikin kwalin waya da rasit, ko a danna *#06# lokacin da wayar ke hannu. In ba ka rubuta ba, a ɗauko maka hoton kwalin daga gida. Ba IMEI, rahotonka labari ne kawai.

Tafi da mai jin Larabci, amma ka lura da wanda za ka ɗauka. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Jidda da Shara Mansur a Makka ba duka ke da iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Wani zai ji nauyinka ya kasa cewa a'a, ka kai shi inda za a tambaye shi takarda. Tambaye shi a keɓe, ko ka nemi ma'aikacin otal ko ejan ɗin da ya yi maka biza. Idan abin ya haɗa da ɓatan fasfo, wannan kuma sai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, mutanen Nijar ma nasu yana nan.

Abu biyu da za su ba ka haushi amma doka ce. Mai shago ko otal ba zai ba ka faifan kyamara ba sai da umarnin hukuma, kada ka ɗauka rufa wa ɓarawo asiri yake yi. Sannan kada ka ɗauki hoton wanda kake zargi ka watsa a Facebook. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya ko ɓata musu suna.

Na bakwai: koma bakin kasuwa

Ka zo saye ne, kuma kwanakin biza da na otal ba sa jiran kowa. Sayi ƙaramar waya mai sauƙin kuɗi da za ta ɗauki WhatsApp da taswira. A Jidda kasuwar waya tana Shara Falasɗin, akwai kuma manyan shaguna irin su Jarir da Extra inda farashi a rubuce yake. Karɓi fatura, wato rasit, ka tabbatar IMEI na jiki. Farashin da za ka biya ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari. Lissafin canji ba wuya, riyal 3.75 ne dala ɗaya, haka yake tun 1986. Wayar hannu da wani zai tare ka da ita a lungu da rabin kuɗi, bar masa abarsa, wataƙila ta wani ce irinka da ke can yana kuka.

Daga nan je ofishin kamfanin layinka na Saudiyya da fasfo ka ce kana son badal faƙid, wato madadin wanda ya ɓata. Layi sunansa shariha. Za ka dangwala yatsa, su kashe tsohon su ba ka sabo da lambarka ta da. Amfanin riƙe lambar shi ne masu shaguna da masu kago da ka ba su ita za su same ka, kuma manhajoji irin su Nusuk ta Hajji da Umra da ka yi wa rajista da ita za su buɗu. Idan kana da izinin shiga Rauda a ciki, da ka sake shiga asusunka za ka tarar da shi.

Biza da tikiti ba su ɓata ba don waya ta ɓata. Ejan zai sake turo bizar, a buga maka a otal. Tikiti kuwa lambar nan mai haruffa shida da fasfo sun isa a kantar filin jirgi. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne lissafi: wane shago na bar wa kafin alƙalami, nawa, kala nawa, wace Hajiya ce ta ce lamba 56 wace ce ta ce 58. Duk a waya suke. Ranar Asabar haka na bi Suƙul Alawi da Bab Makka shago shago ina tambaya, "Na bar kuɗi a nan?" Allah ya sa na haɗu da masu amana, amma ɗaya har na taso ban gane shagonsa ba, don lungunan Balad in ba ka riƙe alama ba duk iri ɗaya ne. In kuɗi ya yanke, ranta a hannun abokin tafiya a biya shi a gida, a rubuta da shaida kamar yadda ayar bashi ta ce, ko da ɗan uwanka ne.

Abin da ake yi tun a Kano

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da na lissafa a sama yana sauƙi ko tsanani gwargwadon rabin awar da ka ba shi kafin ka nufi filin jirgin Malam Aminu Kano.

Mafi muhimmanci, sa wa layinka lambar sirri, ta layin kansa ba ta allo ba. Tana cikin saitin tsaro na kowace waya. In an zare shi aka sa a wata waya, ba zai yi aiki ba sai da lambar, kuma kuskure uku ya kulle. Kada ka yi ta canka lambar farko in ba ka sani ba, tambayi kamfaninka, ka kuma nemo PUK, lambar buɗe layin da ya kulle, mai alƙaluma takwas da ke jikin babban katin da aka ɓallo layin. Wanda wayarsa ke ɗaukar eSIM ya mayar da layin banki can, babu abin zarewa. Sai ka hana saƙonni bayyana a allo in waya na kulle, don kada a karanta OTP ba tare da an buɗe ba.

A WhatsApp kunna lambar sirri mai alƙaluma shida, ka sa imel. A Google buga lambobin ajiyar nan goma. A Apple ƙara lambar matarka a matsayin amintacciyar lamba ta biyu. Tabbatar manhajar nemo waya a kunne take, ka gwada sau ɗaya daga wayar wani don ka ga ko kana tuna kalmar sirrin. Da yawanmu yaron da ya saita mana waya a Farm Centre ne ya ƙirƙiri imel ɗin, mu ko sunansa ba mu sani ba. In haka ne, gyara kafin ka tashi.

Ni yanzu waya biyu nake tafiya da su. Ƙaramar mai madannai tana ɗauke da layin banki, tana kwana a akwatin ƙarfe na ɗakin otal tare da katin ATM na biyu. Babbar ita ke shiga kasuwa da layin Saudiyya, a aljihun gaba mai zif, ba aljihun gefen jallabiya ba da ke zubar da kaya in an zauna. Caja ba matsala, soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu. Fawabank a jakar hannu ake sa shi, ba a kayan awo ba.

Sai ɗan littafi. A shafin farko lambobi goma na gida da na Jidda, da lambobin toshe banki, da IMEI, da lambar tikiti, da sunan otal da Larabci. Ban da lambar sirrin kati, wannan a ka take zama. Sauran shafukan na ciniki ne: sunan shago, katinsa a maƙale, abin da na bayar, abin da ya rage. Kwafin shafin farko yana wurin uwargida, tare da kwafin fasfo da biza.

In ka dawo gida

Bi su a jere, don kowanne yana buɗe na gaba. Fara da walkam bak, da NIN a hannu. Da layi ya dawo, sa masa lambar sirri tun kafin ka bar ofishin. Sai imel: shiga ka cire tsohuwar wayar Android daga jerin na'urorin da ke kan asusun, bayan ka tabbatar an goge ta. Sai WhatsApp, wanda da ka shigar da lambar da aka turo zai fita daga tsohuwar waya da kansa. Banki shi ne na ƙarshe, kuma sai ka je da ƙafarka da katin shaida a buɗe. Ka nemi a buga maka bayanan asusu tun daga ranar da wayar ta ɓata, ka bi layi layi kafin ka tashi daga gaban ma'aikacin, har da ƙananan kuɗin sayen kati, don da su ake fara gwada asusu.